Jakin Tirmini

Ƙawata, matso ki ji labarin Mutari na Tirmini. Ɗan makaɗin gangar noma ne, Allah ya ba shi murya, ya kuma san taken kowane manomi a garinsu tun daga kakanni. Aibinsa ɗaya, gaggawa. So yake a san shi yau, ba gobe ba.

Da ya shigo Damagaram sai ya sauka unguwar Kara-Kara wurin Fahad, ɗan kawunsa, mai bincike a jami'a kan irin waƙoƙin da mutane ke so. Aikin Fahad bin sawun da jama'a ke bari a salula: me suka latsa, ina suka tsaya, me suka tura wa wani.

Mutari ya yi ta sa waƙoƙin noma a intanet, ba mai kulawa. Wata rana yana cikin ɗaukar waƙa jakin maƙwabta ya yi kuka, shi kuma ya amsa masa da irin muryarsa, don wasa. Da ya sa guntun bidiyon nan a intanet, sai ya zaga gari.

"Duba mini, me suke so?" in ji Mutari.

Fahad ya ce, "Kukan jakin suke maimaitawa. Amma ɗan'uwa, yatsa nake gani, ba na ganin zuciya. Mai sonka da mai yi maka dariya, latsawarsu ɗaya ce. Manoman garinku kuwa a katin salula ake tura musu waƙa, a gona suke ji, inda ba rezo balle intanet. Ba sa fitowa a nan."

"Wanda bai fito ba, ina ruwana da shi?"

Daga nan kowace waƙa sai ya sa mata kukan jaki. Ranar da ya gaji ya rera ta gaskiya, masu kallo suka watse, ya tsorata ya koma. Sunansa ya ɓace. A tasha da kasuwa Jakin Tirmini ake ce masa, ko masallaci ya nufa yara na bin sa da kuka.

Da damina mahaifinsa ya kwanta ciwo, aka kira shi ya riƙe gangar gayya. Ya yi murna, ya ce a gida dai an san ko shi wane ne. Ya rataya ganga, ya ɗauko taken Mamman, dattijon da aka taru a gonarsa. Bai kai rabi ba wani saurayi ya ɗaga salula.

"Jaki, yi mana namu mana."

Gona ta ɗauki kuka da dariya. Mamman ya dogara da hauyarsa ya ce, "Ɗana, sauke gangar nan. Ba za a haɗa sunan ubana da wannan ba."

Mutari ya koma Kara-Kara. Har yau kukan yake yi, don ba abin da ake karɓa daga bakinsa sai shi.

Darasin, ƙawata: yawan masu kallo ba shi ne yawan masoya ba. Wanda ya kasa haƙuri da baiwar da Allah ya yi masa, ya bi abin da yatsun mutane ke so, su za su zaɓa masa suna, kuma ba zai iya cire shi ba. Don Allah ki bar shi tsakaninmu, mahaifiyarsa na shigowa gidan nan.