Mai Jan Biro

Akwai wata malamar makaranta mai koyar da harshe a sakandare, wadda kowa a gidansu yake kira Malama, har mahaifiyarta. Shekara tara tana rubuta littafi guda, mai nauyi, irin wanda sai da ƙamus a gefe ake karanta shi. Yana nan cikin durowarta, babu wanda ya taɓa ganin ko shafi ɗaya.

Ƙanwarta Auta kuwa a kemis take aiki. In babu masu sayen magani, sai ta zauna a kujerar roba tana latsa waya. Ashe rubutu take yi. Tsofaffin tatsuniyoyi take ɗaukowa ta mayar da su labaran soyayya na zamani, ta sa a shafinta na sada zumunta.

Yarinyar nan da ta yar da takalmi a wajen liyafa, a labarin Auta waya ta yar, ɗan sarki ya dinga bi gida-gida yana sa 'yan mata su ɗora yatsa ko za ta buɗe. Gimbiyar da ta yi barcin shekara ɗari kuwa, da ta farka ko kallon saurayin ba ta yi ba, caja ta fara tambaya.

Mutane suka dinga dariya suna turawa juna. Kafin shekara ta zagayo, mabiyan Auta sun haura dubu arba'in.

Wata rana Malama ta shiga ɗakin malamai ta tarar da su sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, suna ta ƙyaƙyata dariya.

"Malama, ashe ƙanwarki ce wannan?" in ji malamin lissafi. "Ke da kika karanci harshe, ina naki?"

Ta yi yaƙe ta ce, "Yana tafe." Amma ranar ko littafin ɗalibi ɗaya ba ta iya dubawa ba.

Da ta biya gaishe da mahaifiyarsu Umma da yamma, sai ta tarar da Auta zaune a ƙasa tana karanta mata labarin kwaɗon da ya koma saurayi. Umma na share hawayen dariya da gefen mayafi.

"Zauna ki ji, Malama. Yarinyar nan Allah ya ba ta kai."

Malama ta zauna. A ranta kuwa tana cewa, ni da na yi digiri biyu, ba a taɓa cewa Allah ya ba ni kai ba.

Washegari ta buɗe sabon shafi babu hoto, ta sa masa suna Mai Jan Biro.

Da farko gyara kawai take yi a ƙarƙashin labaran Auta. "Nan ba a raba kalma." "Wannan jimlar ba ta da kai balle ƙafa." Auta kuwa sai ta amsa, "Na gode, na gyara." Wannan godiyar ta fi komai ƙona wa Malama rai. Tana so ta ga yarinyar ta ji zafi, ita kuwa sai ƙara gogewa take yi.

Sai ranar da Auta ta sanar cewa wani gidan rediyo zai fara karanta labaranta. Malama na tsaye a kicin, shinkafa na ƙonewa ba ta sani ba, ta rubuta:

"Wadda ta iya zancen soyayya haka, ba a tatsuniya ta koya ba. Ku tambayi mazan da ke sintiri a kemis ɗinsu."

Ta tura, ta ajiye wayar, ta ji wani sanyi a ranta.

A lokacin an riga an tsayar da maganar auren Auta da wani mai gyaran wutar lantarki, wanda ake kira Injiniya. Cikin kwana biyu wani ya ɗauki hoton rubutun ya tura wa Hajiya, mahaifiyar Injiniya. Hajiya ta aiko wa Umma cewa a ɗan dakata tukuna, suna so su yi bincike.

Auta ta daina rubutu. Ranar Asabar da hantsi ta zo gidan Malama, idanu sun kumbura. Ta kwanta a doguwar kujera ta ɗora kai a cinyar yayarta.

"Yaya, me na yi wa mutumin nan? Ban san shi ba, bai san ni ba."

Malama ta shafa mata kai. "Ki yi haƙuri, mutane ne sai a hankali."

"Ara mini wayarki in kira Injiniya. Tawa ta mutu, tun jiya ban ko kula ta ba."

Kafin Malama ta yi wani tunani, Auta ta miƙa hannu ta ɗauka. Ta san lambobin buɗewa, ita ce ma ta sa mata su. Wayar na buɗewa, shafin Mai Jan Biro ya bayyana, da sunan a sama ɓaro-ɓaro.

Auta ta tashi zaune a hankali. Ta daɗe tana kallon wayar.

"Yaya, wannan fa?"



"Ke kika koya mini karatu," in ji Auta. "Duk abin da na rubuta, jira nake wata rana ki ce ya yi kyau. Ke kaɗai."

Ta ajiye wayar a kan tebur, ta sa takalminta ta fita. Ko ƙofar ba ta buga ba.

Malama ta wuni a zaune a wurin. Da la'asar ta yafa mayafi ta tafi gidan su Injiniya. Ta durƙusa a gaban Hajiya, ta miƙa mata wayar, ta faɗi komai.

Hajiya ta cire tabarau ta dube ta. "Ƙanwarki uwa ɗaya uba ɗaya?"

"E, Hajiya."

"Me ta tsare miki?"

"Babu komai. Baƙin ciki ne kawai ya ci ni."

Daga nan ta rubuta a shafin Auta da sunanta na gaskiya, ta ce ita ce Mai Jan Biro, kuma ƙarya ta yi. Sati guda malamai na yin shiru in ta shigo ɗaki. Umma kuwa wata biyu ba ta amsa gaisuwarta da kyau ba.

An yi auren. Auta ta koma rubutunta, ta kuma ce ta yafe. Suna gaisawa, suna haɗuwa a gidan Umma, har kyauta suna yi wa juna.

Amma Malama ta taɓa gaya wa wata ƙawarta, tana hawaye: "Na san ta yafe mini. Sai dai har yau, in na shigo ɗaki, sai ta kife wayarta."

Darasi: Baiwar ɗan'uwanka ba ta rage maka komai ba. In ka bar hassada ta riƙe maka alƙalami, za ka iya samun yafiya daga baya, amma yarda ba ta dawowa da sauƙi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani ya goge abin da yake shirin rubutawa yau.