Tsohon Mai Tsaron Gida a Kan Benci

A wani gari da ke bakin layin dogo, an yi wani mutum mai suna Zakka. Sana'arsa ita ce tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin. Ba ƙwallon unguwa nake nufi ba, ƙwallon da mutum ke ci da iyalinsa da ita, wadda ake shiga mota a yi tafiyar yini guda don a kara da ƙungiyar wani gari.

Shekara goma sha uku Zakka ya yi yana tsare ragar nan. A zamanin, rumfa ɗaya ce tak a filin, ta kwano. Wanda bai sami shiga ba sai ya hau darbejiyar da ke bayan katanga. Ranar Asabar da la'asar, tela ya rufe shago, mai faci ya jingine kekunan mutane, masu rake da masu gyaɗa su jeru a bakin ƙofa. Masu kalangu kuwa a bayan ragar Zakka suke zama. In ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, sai filin gaba ɗaya ya ɗauka: "Ganuwa! Ganuwa!" Da sunan nan aka san shi har a garuruwan da bai taɓa kwana ba.

Amma kwana ba ya barin kowa. Gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo in an yi sanyi. Idonsa yana ganin inda ƙwallo za ta bi, jikinsa kuwa sai ya makara. Koci, wato mai horar da su, ya ga haka, sai ya kawo wani saurayi mai suna Habila, dogo, mai dogayen hannuwa, wanda ke tashi sama kamar ba shi da nauyi.

Koci ya kira Zakka gefe ya ce, "Zakka, ba zan ɓoye maka ba. Daga bana Habila ne zai tsare raga. In kana so ka tafi, ba mai ganin laifinka. Amma ina so ka zauna. Ƙungiya ba ta tafiya da mai tsaron gida ɗaya, kuma yaron nan bai san komai ba tukuna sai tsalle."

Zakka ya saurare shi har ya gama. Sa'an nan ya ce, "A garin nan aka haifi 'ya'yana. Zan zauna."

Sai ya koma benci. Yakan riga kowa zuwa atisaye. Shi ke buga wa Habila ƙwallo har hannun yaron ya yi zafi. Ranar wasa yakan sa rigarsa, ya ɗaure takalmi, ya ɗora safar hannunsa a cinya, ya zauna yana kallo har a tashi. Sau biyu a shekarar zazzaɓi ya kwantar da Habila, Zakka ya shiga ya tsare raga lafiya, da yaron ya warke kuma ya koma mazauninsa. Kowa yana cewa, "Kai, Baba Zakka mutumin kirki ne."

Amma abin da ke zuciyarsa dabam ne. Duk abin da Habila ya tambaya yakan amsa, abin da bai tambaya ba kuwa sai ya riƙe abinsa. In ƙwallo ta wuce yaron ta faɗa raga, Zakka yakan dafe kai kamar sauran, a can ciki kuwa wani abu yana yi masa sanyi.

Matarsa Rifkatu ce ta gano shi. Wata rana ya dawo daga wasa, ta kawo masa tuwo, ya ci ya suɗe kwano. Sai ta ce, "Baban Dina, yau an ci ku ke nan."

Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Ranar da kuka yi nasara, loma uku kake yi ka ture kwano. Ranar da aka zura wa yaron nan, sai ka nemi ƙari. Na daɗe ina lura."

Zakka ya tashi. Ya wanke hannu, ya fita tsakar gida, ya roƙi Allah ya gafarta masa.

Kashegari ya kama hannun Habila ya kai shi ragar gabas. Ya nuna masa inda rana ke shiga ido da la'asar, da yadda zai karkata don kauce mata. Ya nuna masa wani ɗan tudu a gaban raga inda ƙwallo ke canza hanya. Ya koya masa kallon ƙafar da mai bugu ya dasa a ƙasa, gama ita ke faɗin gaskiya, ido kuwa yana ruɗi. Ya koya masa yi wa 'yan baya tsawa ba tare da ya zage su ba. Abin da ya tara cikin shekara goma sha uku, ya juye masa duka, bai rage ko ɗaya ba.

A shekara ta biyu, al'amura suka yi wa ƙungiyar tsanani. Aka zo wasan ƙarshe, kuma kowa ya san abin da ke kai: in aka ci su, za a sauke su zuwa ƙaramar gasa, ƙungiya ta watse, kowa ya kama gabansa. In sun yi kunnen doki kuwa, sun tsira. Filin ya cika har ba masaka tsinke.

Ana dab da hutun rabin lokaci, wani ɗan wasan baƙi ya buga wata ƙwallo daga nesa, marar ƙarfi, irin wadda ko ɗan koyo zai tare. Habila ya sunkuya zai ɗauka, ta sulluɓe daga hannunsa, ta gangara a hankali ta shiga raga.

Filin ya yi tsit. Sa'an nan wani ya ɗaga murya daga kan katanga, wani ya amsa, kafin ka ce kwabo duk filin ya ɗauka: "Ganuwa! A sa Ganuwa!"

Zakka yana zaune a benci ya ji sunansa. Rabonsa da jin sa haka tun kafin a kawo Habila. Ya ji kamar gwiwar ta warke, kamar shekarun nan duka sun koma baya, yana ɗan shekara ashirin da biyar, masu kalangu suna bayansa.

Da suka shiga ɗakin canza kaya, Habila ya zauna a lungu ya rufe kansa da riga. Koci bai ko dube shi ba. Ya ce, "Zakka, sa safarka."

Zakka ya sa safar, ya ɗaure ta. Sa'an nan ya ce, "Koci, ga ni a shirye. In ka ce in shiga, zan shiga, kuma zan yi iyakar ƙoƙarina. Amma ka bar ni in yi magana ɗaya."

Koci ya ce, "Yi sauri."

Ya ce, "Baƙin nan ƙwallon sama suke jefowa, ka gani da idonka. Inda Habila ke kaiwa, ni yanzu ba na kaiwa. Wannan ke nan. Na biyu, in ka cire shi yau da ihun nan a kunnensa, ba zai ƙara tsayawa a raga da zuciya ɗaya ba. Ni saura mini shekara guda, in ta yi yawa. Shi kuwa yana da goma a gabansa."

Koci ya nuna ƙofa ya ce, "Kana jin sunan da suke kira?"

Zakka ya ce, "Ina ji. Na daɗe ina marmarin jin sa."

"In aka ƙara zura masa, ni da kai ba za mu fita filin nan da mutunci ba."

"Na sani."

Koci ya dubi tsohon, ya dubi saurayin. Can ya ce, "To, je ka tashe shi."

Zakka ya je ya tsuguna gaban Habila, ya janye rigar daga kansa. Ya ce, "Ɗaga kanka, ƙanena. A ragar nan aka taɓa zura mini wadda ta fi taka muni, ta tsakanin ƙafafuna, kuma ranar ce surukina ya fara zuwa kallona."

Habila ya ɗago, idonsa jawur. Ya ce, "Da gaske, Baba?"

"Tambayi Rifkatu, har yau tana yi mini dariya. Yanzu saurara. Ƙwallon farko da za ta zo maka, kada ka yi gwaninta. Rungume ta a ƙirji, ka kwanta a kanta, ka ja numfashi sau uku. Sauran za su zo da sauƙi."

Da 'yan kallo suka ga Habila ne ya sake fitowa, sai ihu ya tashi, wasu har da jifa da ɓawon rake. Zakka ya dafa kafaɗarsa, ya raka shi har bakin layi a gaban kowa, sa'an nan ya koma benci. Waɗanda ɗazu ke kiran sunansa suka juya masa. Wani ya ce, "Tsoho ya ji tsoro!" Wani ya ce, "Ganuwa ta rushe!" Ya ji su sarai, bai waiwaya ba.

Ƙwallon farko ta zo, Habila ya rungume ta ya kwanta a kanta. Ta biyu ta zo, ya doke ta waje. Daga nan sai muryarsa ta dawo, aka fara jin yana tsara 'yan bayansa. Saura minti goma a tashi, 'yan gari suka rama. Baƙi suka taso gaba ɗaya, suka jefo wata ƙwallo ta sama wadda ta nufi can ƙuryar raga. Habila ya tashi, ya miƙe iyakar tsawonsa, ya taɓa ta da kan yatsu ta haye. Alƙalin wasa ya busa usur, aka tashi ɗaya da ɗaya. Ƙungiya ta tsira.

Mutane suka kwararo cikin fili suka ɗaga Habila sama. Ba wanda ya nemi Zakka. Ya cire safarsa, wadda ko ƙura ba ta taɓa ba, ya sa a jaka, ya tafi gida.

Ya ƙara shekara guda a benci, bai buga ko minti ɗaya ba, sa'an nan ya ajiye ƙwallo. Ba a yi masa wasan ban kwana ba. Habila kuwa ya tsare ragar garin shekara goma sha ɗaya.

Yanzu, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Ragar nan ita ce aikin da Ubangiji ya danƙa wa mutum na ɗan lokaci. Zakka kuwa shi ne kowane ɗayanmu da ya taɓa tsayawa a gaba, yau kuma an sa wani a wurinsa. Ina ganinku a nan. Akwai uwar da ta shugabanci zumuntar mata tun ana taruwa a ƙarƙashin bishiya. Akwai dattijon da ya ɗauki bulo a ka aka gina ɗakin sujadar nan, yau in ana shawara ba a cika tambayarsa ba.

Ba daga nesa nake wannan magana ba. Shekara goma sha tara ina bi da mawaƙa a ikkilisiyar nan. Da muryata ta fara rawa aka ba wani, na koma layi na uku na zauna. Bakina yana waƙa, kunnena kuwa yana farautar kuskurensa. In ya ɗauko waƙa da sama har mata suka kasa kaiwa, sai in ji daɗi a raina, in fito ina cewa, "Ai a zamaninmu ba haka ake yi ba." Alhali na san maganin abin, ban taɓa gaya masa ba. Tunawa da kwanakin dā ba zunubi ba ne, kwanaki ne masu daɗi, Allah ne ya ba mu su. Zunubin shi ne ka so na bayanka ya fāɗi domin a tuna da kai.

Ku lura kuma, Zakka bai yi fushi ya koma gida ba, bai kuwa zauna ya saki jiki ba. Kullum a shirye yake, da aka bukace shi ya shiga. Wanda Ubangiji ya zaunar, bai sallame shi ba. Ya canza masa aiki ne. Dā hannunsa ake bukata, yanzu idonsa da bakinsa, da abin da shekaru suka koya masa.

Ku matasa da ke riƙe da aiki yau, ranar kuskurenku tana zuwa, gama ba wanda ta ƙyale. Ku san tsofaffin da ke zaune a bayanku tun kafin ranar ta zo. Ku riƙa gaishe su, ku riƙa tambayarsu. Yawancinsu jira suke a tambaya.

Mu kuma da muka koma baya, kowa ya san wanda ke tsaye a inda ya taɓa tsayawa. Kada Lahadi mai zuwa ta same mu ba mu je wurinsa ba. Ka zauna da shi, ka ba shi abin da ka ɓoye. In ya yi tuntuɓe mutane suka fara kiran sunanka, ka zama na farkon da zai tashe shi. Mai yiwuwa ba wanda zai gode maka, har ma a ce ka gaza. Amma Ubangiji ba daga kan katanga yake kallo ba. Ya san wanda ya tare ƙwallo, ya kuma san wanda ya tare mai tsaron gidan daga fāɗuwa.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.