Sarkin Fawa Jatau da Wuƙa ta Biyu

An ce a garin Rafin Tsamiya an yi wani Sarkin Fawa mai suna Jatau, wanda ya shekara talatin yana kayar da bijimai, amma wata 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwallon dabino ba ta kayar da shi. A ƙodarsa ta dama ta samu wurin zama. In ta motsa, sai ka ga ƙato yana birgima a tabarma yana kiran uwarsa. Aka kai shi asibiti aka yi masa aiki, ya farfaɗo yana murna, sai likita ya ce masa tsakuwa tana nan. Hanyar fitsari ce ta kumbura, da ya matsa da ya yaga ta, don haka ya sa masa 'yar roba a cikin hanyar ya janye hannu, ya ce a dawo bayan mako uku.

Ran da mako uku suka cika, sai ga matarsa Tabawa ta faɗo gida, mayafi a hannu, baki har kunne. Ta ce, "Maigida, albishirinka! Likita ya ce kumburi ya saɓe, gobe da safe za a cire tsakuwar. Amma ya ce in aka ƙara jinkiri ƙodar za ta mutu."

Jatau ya ce, "Ba inda za ni. Ke ba ki san ƙa'idar wuƙa ba? Mai yanka in ya ɗaga hannu bai gama ba, ya tafi ya dawo, abin da ya yanka mushe ne. Ni ba za a mai da ni mushe ba."

Tsoro ne fal cikinsa, amma ya naɗa masa rawanin ilimi. Ya fice ya nufi mayanka, ya zauna gindin tsamiya yana dafe da kwiɓi. Sai ga wata tsohuwar ungulu, wadda ta san wurin tun zamanin ubansa, ta diro gabansa tana tsalle-tsalle. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe gobe ne! Tun safe nake shawagi don murna."

Ya harare ta ya ce, "Ungulu, ba kya jewar banza. Rabonki kika hango?"

Ta ce, "Sarki, halinka ya tuna mini da Barau mai gari da Nomau mai haƙar rijiya." Ya ce, "Yaya labarinsu yake?"

Ungulu ta ce: An yi wani gari da mata ke tafiyar rabin wuni neman ruwa. Barau ya kira Nomau ya haƙa musu rijiya. Nomau ya haƙa gaba goma sha biyu, sai ya tarar da dutse, ga damina ta jiƙa bango yana zubowa. Ya tokare bangon da itace, ya fito ya ce sai da kaka. Barau ya fusata ya ce a cike ramin, wanda ya kasa sau ɗaya ba ya sake taɓa masa ƙasa. Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a kawo ƙasa, ji labarin Ilu da Dantani manoman rogo." Barau ya ce, "Faɗi mu ji."

Nomau ya ce: Rani ya ƙame ƙasa, su biyun suka je tonon rogo. Ilu ya kama ya ja, ya ji turjiya, ya ƙara ƙarfi don kada a ce ya kasa, rogo ya karye, rabi ya zauna a ƙasa gara ta cinye. Dantani ya ja, ya ji turjiya, ya saki. Ya zuba tulun ruwa a gindin ya tafi gida, ana ta yi masa dariya. Washegari ya dawo ya ja sau ɗaya, sai ga rogo kamar cinyar bijimi, ko ƙwarzane babu. To, ranka ya daɗe, wa ya iya tono a cikinsu?

Barau ya ce a bar ramin. Da kaka Nomau ya koma, kwana biyu ya fasa dutse, ruwa ya ɓullo har ya ture shi, mata suka ɗauki guɗa gari ya ruɗe. Ungulu ta ce, "Ka ji, Sarki. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne."

Jatau ya ce, "Rijiya ba ta da rai. Maganar wuƙa nake yi."

Ungulu ta ce, "Wuƙarka rai take fitarwa, shi ya sa aka hana ta jinkiri, don kada dabba ta wahala. Ta likita tsare rai take yi. Kai da kanka in kana cire matsarmama daga hanta ka ji za ta fashe, ba sakin ta kake yi ka sake riƙo ba? Sa'an nan, Sarki, duk garin nan wa ya fi ni sanin mushe? Da kai mushe ne, wallahi ba labari zan tsaya ba ka ba."

Jatau ya tuntsire da dariya har tsakuwa ta soke shi, ya ce "Wash!" ya ci gaba da dariyar, zuciyarsa wasai. Ya miƙe yana ƙwala kira, "A kira mini masu kalangu! Gobe da kiɗa za a raka ni asibiti! A gaya wa Tabawa ta haɗa kayana!" Mahauta suka watsar da aiki suka kewaye shi ana shewa.

Ya waiwayo ya ce, "Ungulu, na karɓi maganarki. Hantar bijimin farko bayan an cire tsakuwar nan taki ce."

Ungulu ta buɗe fukafukai ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Amma ba na karɓar aike. Da hannunka za ka miƙo mini."