Benen da Mota Ba Ta Kai Ƙofarsa

Ajimi mutumin unguwar Gwange ne a Maiduguri, mai yawan sallah da gaisuwa, amma yana da aibi guda. In ya ga abu yana kawo riba yau, sai ya ɗauka haka zai dawwama, kuma duk wanda ya ce masa a dakata ya zama maƙiyinsa. Mahaifinsu ya rasu ya bar shagon atamfa a Kasuwar Litinin, da gonar shinkafa a bayan gari, da tsohon gida mai 'yan haya. Magada biyu ne, shi da ƙanwarsa Yagana, wadda aka kashe mijinta a hanyar Bama aka bar ta da marayu. Ba a raba gadon ba. Daga ribar shagon ake biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta.

Lokacin da ƙungiyoyin agaji suka cika Maiduguri, kuɗin haya ya haukace. Ajimi ya ji labarin wani da ya ba su gidansa suka biya shi hayar shekaru a dunƙule. Daga nan ya ƙudura zai sayar da shago da gona, ya rushe tsohon gidan, ya tayar da bene.

Yagana ta ce, "Ya Ajimi, ka bar mana shagon. Mutanen nan baƙi ne, wahala ce ta kawo su. Ran da suka tattara fa?"

Ya ce, "Ke da kuɗin cefane ma sai kin ƙirga da yatsu? Gona ba ta shiguwa, kasuwa kullum cikin fargaba. Bulo kuwa ba ya gudu."

"Ba ya gudu, amma ba a dafa shi."

Gaskiya ne gonar ba ta shiguwa a lokacin saboda rashin tsaro. Shagon kuwa yana ciyar da gida biyu, kuma ya sani. Duk da haka ya sayar a gaban dattawan unguwa, ba da yardarta ba. Ya sallami 'yan haya, ya yi bene da tayil da sola da tankin ruwa.

Da aka gama, wata ƙungiya ta turo jami'in tsaronta, wani mai suna Pindar. A ƙafa ya ƙaraso, domin motarsa ta tsaya a bakin titi. Ajimi yana nuna masa banɗaki, shi kuwa yana leƙen lungu ta taga.

Pindar ya ce, "Alhaji, gini ya yi kyau. Amma motarmu ba ta shiga lungun nan, kuma hanyar fita ɗaya ce. In wani abu ya tashi, ta ina zan fitar da mutanena?"

"Ku riƙa shigowa a keke mana. Mu ba haka muke yi ba?"

"Dokarmu ta hana."

Duk ƙungiyar da ta zo, maganar ke nan. Mutanen unguwa kuwa ba mai iya biyan abin da Ajimi yake nema. Kafin ya sauko da farashi, ƙungiyoyin ma sun fara rage ma'aikata. Abin da benen yake kawowa yanzu bai kai rabin ribar shagon ba. Aka koro Rashida, babbar 'yar Yagana, daga makaranta saboda rashin biyan kuɗi, tana dab da jarrabawar fita sakandare.

Yagana ta same shi ta ce a ba ta rabonta. Ya ce, "Ga bene nan, ki zaɓi ɗakin da kike so."

Ta ce, "Ya Ajimi, shugaban makaranta ba ya karɓar ɗaki."

Darasin a bayyane yake. Ribar da ta zo saboda wani yanayi, tare da yanayin take tafiya. Mai hankali ba ya tattara dukiyarsa ya zuba wuri guda, musamman a garin da ba wanda ya san yadda gobe za ta waye. Yakan bar abin da ke kawo na abinci kullum, ya gwada sabon abu da kaɗan, ya tambayi masu saye sharuɗɗansu kafin ya aza tubali. Wanda kuma ya yi caca da haƙƙin marayu, "ƙaddara ce" ba ta wanke shi. A kimanta benen nan, a cire wa Yagana sulusinta, Rashida ta koma aji. Dattawan da suka shaida cinikin shagon suka yi shiru, nauyin yana wuyansu har sai an yi hakan.