Dalilin da Ya Sa Kowane Kwalekwale Yake Yoyo

Dalilin da ya sa kowane kwalekwale yake yoyo, ko da jiya aka buga masa ƙusar ƙarshe, a makaranta an ce mana wai katako ne yake bushewa ya tsuke. To, na ji. Amma tunda kun ishe ni da tambaya, kuma babu mai ɗaukar ƙwarya a cikinku sai an ba shi hujja, ga yadda tsofaffin garinmu suke faɗa. Ban ce ina wurin ba.

A da can Kogi mai kunya ne, ba ya shiga jirgin kowa. Masunta a bakinsa suke sassaƙa jiragensu, yana kallo tun abu yana gungume har a tura shi ruwa, saboda haka babu abin da ya rage masa na son gani. Mutum zai zuba garin dawa a ƙasan jirgi ya haye, ya sauke shi a bushe.

Sai aka yi wani masassaƙi ana ce masa Jatau. Gwani ne, kuma abin takaici ya sani. Ya ce shi ba zai yi aiki a bakin ruwa kowane ɗan kamun tarwaɗa yana ba shi shawara ba. Ya sa aka kawo masa katakon maɗaci har tsakar gida, ya kafa rumfa daidai inda matarsa Tasalla take girki, ya kewaye da zana. Tsohon jirginsu kuwa ya ce bai dace da shi ba, ya mayar da shi wurin ba awaki dusa.

Tasalla tana da gonar shinkafa a tsibiri, tsallaken ruwa, ita ce abincin gidan na shekara.

"Malam, yaushe za a gama?"

"Saura kaɗan."

Damina ta zo ta wuce, saura kaɗan. Wata ta zo, saura kaɗan. Ya goge, ya shafa man kaɗanya, ya ja da baya ya duba, ya sake gogewa. Ko ɗigon ruwa bai yarda ya taɓa jirgin ba. Ran da hadari ya taso, tabarmar da Tasalla take kwana a kai ya ɗauka ya lulluɓe shi. Ita kuwa duk kaka sai ta bi gidaje aron jirgi, har ta kai mata suna ganinta suke cewa, "Yau ma na Malam saura kaɗan?"

Duk wannan ƙwanƙwasar Kogi yana ji daga nesa. Ba a ce masa zo ka gani ba.

Wata shekara ruwa ya taso da wuri. Shinkafar Tasalla tana ɗaure dami-dami a tsibiri, ruwa yana cin gaɓa, kowa yana ta kwashe tasa, babu jirgin aro. Ta shigo gida ta tsaya a kan Jatau, yana durƙushe yana hura ƙura daga wata ƙusa.

"Malam, yau jirgin nan zai shiga ruwa, ko kuma bana mu ci katako."

"Ai saura..."

"Kada ka ƙarasa."

Bai ƙarasa ba. Aka kira maƙwabta suka cicciɓo jirgin. Sai da aka rushe katanga kafin ya fita, domin Jatau ya auna komai ban da ƙofar zaure. Aka tura shi ruwa, Jatau da Tasalla suka haye lafiya, suka loda shinkafa, suka juyo.

Suna tsakiya Tasalla ta ji sanyi a tafin ƙafarta.

"Salamu alaikum," in ji Kogi, daga ƙarƙashin damin shinkafa.

Jatau ya saki filafilin tuƙi. "Wa ya ce ka shigo?"

"Ba kowa. Ganin ɗaki na zo. Shekara da shekaru ina jin ana ƙwanƙwasa min abu a bayan zana, na ce lallai wannan na zinariya ne." Ya zagaya ta gaba, ya zagayo ta baya, ya kai idon sawu. "Ashe katako ne."

"Maɗaci ne," in ji Jatau, "kuma ba a taɓa yin irinsa ba. Fita min daga jirgi."

"Ni za ka kora? A kaina fa kake zaune."

"Na ce ka fita."

Kogi ya ce tunda abin ya zama haka, shi ma zama ya zo yi. Ya hau har ƙwauri. Damin ƙasa ya jiƙe, jirgi ya soma nauyi, Jatau kuwa ya miƙe tsaye yana lissafa wa ruwa ƙa'idojin sassaƙa. Ban san abin da ya yi zaton ruwa zai yi da su ba.

Tasalla ta dubi shinkafarta, ta dubi mijinta, ta ga wanda ya fi sauƙin lallashi a cikin biyun Kogi ne. Ta jawo ƙwaryar da ta zo da fura a ciki.

"Baba Kogi, sannu da zuwa. An yi maka laifi, ba a gayyace ka ba. Ka ga ɗaki?"

"Na gani, 'yar nan. Ba laifi."

"To bari in taka maka."

Ta ɗebo shi a ƙwarya, a hankali, ta mayar da shi waje. Kogi ya ji daɗin wannan, don tun da yake ba a taɓa yi masa rakiya ba. Ya sake shigowa. Ta sake raka shi.

"Kin iya karɓar baƙo," in ji shi. "Ga sharaɗi. Daga yau ba mai sake ɓoye min jirgi, kowanne zan shiga in duba da kaina. In an raka ni, in fita. In an share ni, in zauna, jirgin ya biyo ni gida."

"Ban yarda ba," in ji Jatau.

Ba wanda ya tambaye shi. Tasalla ta miƙa masa ƙwaryar, ta ɗauki filafili. "Malam, raka baƙonka. Kai ka jawo shi."

Haka suka iso gaɓa, ita tana tuƙi, gwanin masassaƙa yana sunkuye yana kwarfe ruwa. Dami na ƙasa ya lalace, sauran suka tsira, gidan bai yi yunwa ba. Da yamma Jatau ya zagaya jirgin ya ce ya gano inda matsalar take, zai mayar da shi gida ya gyara. Tasalla ta ce ya gwada ya gani.

Shi ya sa har yau ba a tura kwalekwale ba ƙwarya a ciki, kuma komai gwanintar masassaƙi, Kogi sai ya leƙo. Ku yarda ko kada ku yarda, ni ma ban gama yarda ba. Amma baƙon ya kai min idon sawu, kuma shi ba ya jiran a gama gardama. Ungo ƙwarya.