Zabuwa, Gafiya da Irin da Ya Zubo daga Sama

An yi wani daji da ake kira Dajin Marke, amma a lokacin da wannan labari ya faru, sunan kawai ya rage. Masu gawayi sun sare manyan itatuwa, masu neman itacen girki suka kwashe ƙanana, har wurin ya koma faƙo, ko inuwar da ƙadangare zai fake babu.

A nan wata Zabuwa take zaune, mai kafiya ce, in ta sa abu a gaba ba ta waiwaye. Maƙwabciyarta ita ce Gafiya, wadda duk abin da idonta ya gani sai ya kwana a raminta. A sama kuma akwai Shirwa, wadda saran dajin ya yi wa daɗi, don yanzu ko ƙwaro ya motsa tana hangensa.

Kowace damina Zabuwa sai ta ƙyanƙyashe 'ya'ya, Shirwa kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kwashe, don ba su da wurin ɓuya. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Danginta duk sun yi ƙaura, ita kuwa ta rantse sai ta raini 'ya'yanta a inda aka raine ta.

Wata safiya gab da faɗuwar damina, sai ga wani abu yana ƙugi a sama kamar taron ƙudan zuma. Shi ne mutane suke kira jirgi marar matuƙi. Wasu matasan ƙauye ne suke sarrafa shi daga bakin hanya, jikokin waɗanda suka sare dajin. Hankali ya zo a makare, amma dai ya zo. Jirgin yana tafe yana zubo 'yan dunƙulen laka ko'ina a faƙon.

Zabuwa ta fasa ɗaya da baki, sai ga irin bagaruwa da ɗan taki a ciki. Murna ta kama ta. Tana ɗaga kai ta hangi Gafiya, kumatu sun yi suntum, tana ja da baya zuwa rami.

"Haba Yaya Gafiya, don Allah ajiye! Wannan ba abinci ba ne, daji ne aka aiko mana."

"Daji? A cikin wannan ɗan dunƙulen? Ke dai yunwa ta taɓa miki ƙwaƙwalwa. Abin da ya faɗo ƙofar gidana nawa ne."

"In kika cinye, me zai tsiro?"

"Wannan kuma matsalar masu 'ya'ya ce. Ni ina da rami, Shirwa ba ta shiga rami."

Suka yi ta cacar baki har rana ta take. Daga ƙarshe Zabuwa ta nuna wani tsohon kututture ta ce, "To shi ke nan. Daga nan zuwa gabas naki, yamma nawa. Kada na ga ƙafarki a wajena."

"Riƙe kayanki," in ji Gafiya. "Ki ci inuwa ki ƙoshi."

Zabuwa ta kama aiki. Ta tona ɗan gurbi da ƙafa, ta gangara dunƙule ciki, ta rufe, don kada ruwan farko ya share shi. Kada ku ɗauka abin ya zo mata da sauƙi, ita ma fa tsaba take ci. Sau da yawa takan tsaya da iri a baki, cikinta yana kuka, sai ta tuna 'ya'yanta ta ajiye.

Ruwa ya sauka, 'yan tsirrai suka leƙo. Amma tsiro bai isa ya ɓoye kowa ba, a wannan shekarar ma Shirwa ta kwashe 'ya'yan tas.

Gafiya ta leƙo daga rami tana sakace. "Sannu uwar daji! Wannan ne dajin, da bai kai gashin bakina tsawo ba?"

Zabuwa ta sha kuka. Da jirgin ya dawo shekara ta zagayo, ta sake binne rabonta, Gafiya kuma ta sake cinye nata.

A kwana a tashi, yamma ta cika da ƙananan bagaruwa masu ƙaya, ciyawa ta samu wurin kamawa a gindinsu. Gabas kuwa tana nan fayau, sai Gafiya da ta yi ƙiba har ramin yana matse ta.

Ran nan aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. A yamma saiwoyi suka riƙe ƙasa. A gabas babu abin da zai tare ruwan, ya kwararo da ƙarfi ya cika ramin Gafiya, ta fito sharkaf tana tari.

Ana ɗauke ruwan sai ga Shirwa. Zabuwa ta yi ƙara ɗaya, sababbin 'ya'yanta suka faɗa ƙarƙashin ƙaya. Shirwa ta kawo sura, ƙaya ta tsaga mata fiffike, ta tashi a fusace hannu wofi. Can sai ta hangi wani abu mai maiƙo yana rarrafe a fili.

"Yaya, rugo nan!" Zabuwa ta ƙwala wa Gafiya kira. "Rugo, akwai wuri!"

Gafiya ta yunƙura, amma tsakaninta da kututturen nan da nisa, kuma duk itacen da zai ɓoye ta a hanya ta riga ta cinye shi tun yana iri. Da ƙyar Shirwa ta iya ɗaga ta saboda nauyi, amma ta ɗaga.

Zabuwa ta ji tausayinta har ranta, don maƙwabciya ce ko da halinta. A wannan shekara 'ya'yanta suka girma ba wanda ya ɓace. Da jirgin ya sake zuwa, ta tasa su gaba suka tsallake kututturen zuwa gabas.

"Ku tona, ku rufe," ta ce musu. "Wanda ya haɗiye ko ƙwaya ɗaya, ni da shi ne."

Darasin wannan labari shi ne, jirgi zai iya watsa iri a inda ƙafa ba ta kaiwa, amma daji ba ya dawowa sai an samu masu haƙurin tsare abin da aka shuka. Wanda kuma ya cinye irin yau saboda haɗama, ranar da zai nemi mafaka ba zai samu ba.