Ranar da Goni Ya Ara wa Ammar Murya

Akwai wani saurayi a garin Diffa, wajen shekarar 2003, ana ce masa Ammar. Iyayensa ƴan Damagaram ne masu kanti a bakin kasuwa, shi kuwa rubutu ya sa a gaba, har ya buga ɗan littafin gajerun labarai. Tun da ya ga sunansa a bangon littafi ya fara ganin kowa a ƙasa.

Wata rana Mushe Hamani, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe, ya shirya zaman karatun adabi a harabar gidan matasa. Ya gayyaci Ammar, ya kuma gayyaci Goni, wani dattijo manomin tattasai daga Geskeru mai rubuta waƙe da ajami.

Da Ammar ya ji haka daga bakin Mushe a gidan matasan, sai ya yi tsaki.

"Mushe, wannan da Hausarsa ma sai a hankali? A ba shi minti biyar a ƙarshe, kada ya kore mini jama'a."

Ashe Goni yana bakin ƙofa, yana kakkaɓe ƙafa. Ya ji komai. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa.

Ranar Asabar bayan azahar haraba ta cika. Manoma, masunta, mata da goyo, har da Alhaji Barau, mahaifin Ammar, wanda kullum ke cewa rubutu zaman banza ne. Ranar ce ya fara zuwa sauraren ɗansa.

Ammar ya fara karanta labarin wata mata da ambaliyar kogin Kumadugu ta cinye mata gona. Bai yi shafi ɗaya ba lasifika ta mutu. Muryarsa siririya ce, ga Hausarsa mai zurfi, alhali yawancin masu saurare Barbarci suka fi ji. Na baya suka soma hira. Wasu suka naɗe tabarma. Ammar ya ɗago ya ga mahaifinsa ya sunkuyar da kai, sai ya dakata da karatun.

Goni ya miƙe, ya zo ya tsaya kusa da shi.

"Ɗana, karanta layi ɗaya ka tsaya. Ni zan kai musu."

Ammar yana karantawa, Goni yana mayarwa da Barbarci, da muryar nan tasa da ta saba kira daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan. Masu fita suka dawo. Da aka kai inda matar ta tsaya cikin ruwa tana tsintar tattasan da ya rage, wata tsohuwa mai suna Ya Fanna ta share ido da gefen mayafi.

"Wallahi haka aka yi mini," in ji ta.

Suna gamawa aka kira la'asar. Lokacin Goni ya tafi duka, ko baiti ɗaya bai rera ba.

A wurin alwala Ammar ya tsuguna kusa da shi, kunya ta ishe shi.

"Baba, ka fa ji abin da na faɗa ranar nan."

"Na ji," Goni ya ce, yana zuba ruwa a hannu. "Amma labarin yana da kyau. Laifin bakinka bai shafi matar nan ba."

Ana sallame salla Ammar ya riga kowa tashi.

"Jama'a, don Allah kada kowa ya tafi. Na raina dattijon nan a bayan idonsa, shi kuma ya rufa mini asiri a gabanku. Ku zo mu ji waƙarsa."

Aka koma aka zauna. Goni ya rera waƙarsa ta noman rani har rana ta yi sanyi. Ammar bai koma kujerar baƙi ba. A ƙasa ya zauna, cikin manoma, yana amshi tare da su.

Darasi: Kada ka auna mutum da lafazinsa ko sana'arsa. Wanda ka raina yana iya zama mai tsaya maka ranar da ka rasa mafita, kuma idan ka yi kuskure, amsa shi a fili ba ya rage maka daraja. Ku tura wa ƴan'uwa su ma su karanta.